Kundin aikin jita biyu: filamenko, karin Latin da metal a kan tsirkiyar nailan

4 ga Nuwamba, 2024

Abin da aka sa a gaba kiɗa ɗaya ne, tsawonsa kamar minti shida, da jita biyu masu tsirkiyar nailan. Babu murya, babu ganga, babu na'urar gurɓata sauti irin ta jitar lantarki. Jita ta farko ce ke riƙe da kari da dukan jikin jita, da yatsu ake kaɗa ta. Ta biyu ke ɗauke da amo da rif ɗin metal, wato gajeriyar jimlar da ake maimaitawa a kiɗan rok mai nauyi, da fik ake kaɗa ta, ɗan lebur ɗin roba da ake riƙewa a yatsu. Sassa uku ne: rumba mai rif a farko, sashe mai kilabe, tsarin bugu biyar irin na Kuba, a tsakiya, sai buleriya, wani kari mai sauri na filamenko, kiɗan kudancin Sifaniya, a ƙarshe.

Da irin wannan rabon aiki aka san Rodrigo Sánchez da Gabriela Quintero, 'yan birnin Meziko da suka fara da metal a ƙungiyar Tierra Ácida kafin su koma Dublin a 1999 su riƙa kaɗa jitar nailan a bakin titi. Su da kansu sun sha faɗa cewa abin da suke yi ba filamenko ba ne. Mu kuwa so muke sashen ƙarshe ya zauna a kan kompas na gaske, wato zagayen kari mai bugu 12, wanda mai tafa hannu daga Jerez, garin filamenko a Sifaniya, zai iya bi bai ɗaure fuska ba. Nan wahalar aikin take.

An auna jitocin kafin a taɓa komai. Dukansu tsawon tsirkiya daga ƙashin sama, wajen kai, zuwa ƙashin jaki, inda tsirkiyoyi ke ɗaure a fuskar jita, milimita 650, faɗin wuya a sama 52. Ta farko ƙirar filamenko ce, fuskar katakon sufurus, baya da gefe na katakon saifires, sautinta yana fita da sauri ya mutu da sauri. Tazarar tsirkiya ta shida, mafi kauri, da firet na 12 (firet su ne ƙarafan da ke gicciye a wuya) milimita 3.0, ta ɗaya 2.5, tsayin tsirkiya daga fuska a gaban jaki 8. Ba ta buƙatar gyara. Ta biyu kilasika ce mai fuskar katakon sida: 4.2 da 3.4, tsayi a jaki 11. Da wannan tazarar gudun fik sama da firet na 9 zai riƙa makara, kuma dannewar tana jan tsirkiya har sautin ya ɗan haura. Awon ana yin sa jita tana riƙe yadda ake kaɗa ta, ba a kwance a tebur ba, daga saman firet zuwa ƙasan tsirkiya.

Kada wani ya ce tunda metal ake so a sa mata tsirkiyar ƙarfe. Saitin nailan yana jan kamar kilo 38 zuwa 41, na ƙarfe mai laushi ma ya haura 70. Jakin nan da gam aka liƙa shi, wuyan kuma babu sandar ƙarfe a ciki. Jakin zai ɗago, fuskar ta kumbura.

9 ga Nuwamba

An sauke tazarar jita ta biyu. Firet na 12 shi ne tsakiyar tsirkiya, saboda haka duk milimita ɗaya da ake so a rage a can, biyu ake cirewa daga ƙashin jaki. An nufi 3.4 da 2.8, wato an cire 1.6 a ɓangaren kauri, 1.2 a ɓangaren siriri. Da gangan aka bar ta da ɗan tsayi, domin hunturu na tafe kuma zai sauke ta da kansa.

Tsohon ƙashin an adana shi, sabo aka gyara. An ja layi da fensir, aka liƙa samfefa mai lamba 220 a kan gilashi, ana tura ƙashin gefe ɗaya kawai, ana juya shi lokaci-lokaci don kada ya karkace. Dole gindinsa ya kwanta sumul, domin a ƙarƙashinsa zaren fiyezo yake, wanda ke ɗaukar karkarwar tsirkiya ya tura ta na'urar naɗi. In akwai ɗan tudu, wata tsirkiya za ta fito da ƙarfi a layin fiyezo, wata ta ɓace. Ƙashin da ya rage sama da katako bai gaza milimita 2 ba. In ya yi ƙasa da 1.5 tsirkiya ba ta danna shi sosai, sautin ya rame.

Tsirkiyoyi: jita ta farko matsakaicin tauri, don rasgeyado, sharar tsirkiyoyi da bayan farata, ya buɗe. Ta biyu masu tauri a ƙasa, tsirkiya ta uku kuma ta kabon. Ta nailan a wannan gurbin kaurinta ya kai milimita ɗaya, sautinta a toshe yake ƙarƙashin fik. Ta kabon ta fi siriri da haske. Amma kabon yana da santsi, yakan suɓuce daga ɗauri ya zane fuskar jita bayan jaki. Maganinsa a narkar da bakin tsirkiyar da ashana ya yi ɗan ƙulli, nesa da jitar, sannan a murɗa sau uku wajen ɗauri, a ajiye ɗan kwali bayan jaki har ta zauna. Ba a finciko sabuwar tsirkiya da hannu don ta yi saurin zama, domin takan sirance a wuri ɗaya, daga nan ba za ta ƙara yin daidai a saman wuya ba.

An liƙa wa jita ta biyu robar kare fuska mai haske, tunda ita ma za ta sha duka. Ɗigon sabulu ɗaya a kofin ruwa, a ɗan fesa, a ɗora robar daga bakin jaki, a matse ruwan zuwa waje da kati naɗe a ƙyalle, a bar ta kwana.

17 ga Nuwamba

An tsayar da sautin E a matsayin gida, domin a nan filamenko da metal suka fi kusa. Jerin sautin shi ne E, F, G#, A, B, C, D, kuma duhunsa daga rabin takun nan ne na E zuwa F, firet ɗaya tak a tsirkiya ta shida. Makaɗan Andalus suna saukowa Am, G, F, E. Makaɗan tirash, wani reshen metal mai sauri, suna niƙa E da F a tsirkiyar ƙasa. Kod, wato sautuka da yawa a kaɗa tare, na E da muke riƙewa, a lambar firet daga tsirkiya ta shida zuwa ta ɗaya, 0-2-3-1-0-0 ne, na F kuma 1-3-3-2-0-0. Tsirkiyoyi biyu na sama a buɗe suke a duka biyun, su ne ke ɗinke kod da kod.

Rif ɗin yana yawo tsakanin E, F, G da Bb a firet na 6. Matsala ta fito a kan G. Shi yana kan 98 Hz, wato karkarwa 98 a sakan, amonsa na biyu, ninkin da ke fita tare da shi, 196, alhali G# ɗin da ke cikin kod ɗin jita ta farko yana kan kusan 208. Bambancin 12 Hz ɗin nan kunne yana jin sa kamar rawar sauti mai laka. A filamenko G da G# suna zama tare lafiya saboda bi da bi suke zuwa. A nan kuwa karo suke yi. An warware shi da kashe tsirkiya ta uku a jita ta farko muddin rif na tafiya. G# ba ya dawowa sai a rufin jimla, kuma dawowar tasa ta fi daɗi yanzu da aka hana kunne shi na ɗan lokaci.

An gwada sauke tsirkiya ta shida zuwa D yadda 'yan metal ke yi, aka fasa. Daga 82.4 Hz zuwa 73.4 jan tsirkiya yana raguwa da kusan kashi 20 cikin 100, sai ta saki tana dukan firet. Kuma iskar cikin akwatin jita tana amsawa ne wajen 100 Hz, abin da ke ƙasa da haka sosai jikin ba ya iya turo shi waje. Saukewar tana da gurbinta a filamenko, a saitin rondenya na makaɗin jita Ramón Montoya inda ta shida ke kan D, ta uku a F#, amma wancan kiɗa ne mai numfashi, ba na niƙa ba.

26 ga Nuwamba

Sauri ya tsaya a bugu 110 a minti. Kowane bugu an raba shi ƙwaya huɗu, kowace ƙwaya kusan milisakan 136. Da ƙwaya za a riƙa lissafi daga yanzu.

Rumba tana tafiya ne a ƙwaya takwas da aka kasa 3+3+2, nauyi a kan 1, 4 da 7. Hannun dama ba ya tsayawa: ƙasa a mara, sama a cika. Tsarin da jita ta farko ta zauna a kai shi ne: 1 ƙasa tare da golpe, wato dukan fuskar jita, na yatsan zobe a kan roba, 2 hannu ya wuce a iska, 3 ƙasa a hankali, 4 sama da bayan farcen babban yatsa da ƙarfi, 5 mari da tafin hannu a rufe tsirkiyoyi, 6 sama da manuni, 7 ƙasa da ƙarfi, 8 sama. Haɗa kaɗi da duka a hannu ɗaya haka shi ne abin da rumbar Barselona ta shahara da shi tun zamanin mawaƙinta Peret.

Sukuwar metal kuwa, doguwa ɗaya gajeru biyu, tana faɗawa a 1, 3, 4, 5, 7, 8. Duk wuraren nauyin rumba suna ciki. Sai dai ɗan metal yana danna 1 da 5, kuma in aka bar shi haka jitocin biyu jayayya suke yi, kiɗan ya zama ba rumba ba, ba metal ba. Abin da aka yi: gefen tafin hannu yana kan tsirkiya yana toshe ta a kowace ƙwaya, ba ya ɗagawa sai a 1, 4 da 7. Ƙwaya ta 4 a hawan fik take faɗawa, inda hannu ya saba da rauni, don haka an ware mata atisaye ita kaɗai a sauri 70.

Toshewa a nailan ba ta da fili irin na jitar lantarki. Naman hannu a kan ƙashin jaki daidai yake zama. In ya matsa gaba da santimita ɗaya sautin ya mutu, abin da ya rage kuma ya haura. Fik mai kaurin milimita 1.4 mai tsini ya fi, ana kaɗawa santimita 4 zuwa 6 daga jaki. Siririn fik lanƙwashewa yake yi, tsirkiya ta mirgina ƙarƙashinsa, kowane sauti ya makara.

Babban abin da ya bayyana a wannan zama: tunda babu gurɓata sauti da zai ja kod ya daɗe, nauyin metal a nan daga tsayawa yake zuwa. Jita biyu su buga tare, su yi tsit tare. Saɓanin milisakan 20 zuwa 30 ya isa kunne ya ji duka biyu maimakon ɗaya. Kuma tsit ɗin sai an yi masa aiki. Amo na uku na E ɗin ƙasa yana kan 247 Hz, na huɗu 330, wato daidai tsirkiya ta biyu da ta ɗaya a buɗe. Ko ba a taɓa su ba suna ɗauka su ci gaba da kuka bayan an kashe ta shida. Yanzu a kowace tsayawa yatsun hagu suna kwanciya a kan duka shida, tafin dama ya rufe daga baya.

1 ga Disamba

Sashen tsakiya. Kilabe na son, wani kiɗan Kuba, bugu uku sannan biyu, a ƙwaya 16 yana faɗawa a 1, 4, 7, 11, 13. Rabinsa na farko shi ne 3+3+2 ɗin rumba, kuma ba haɗari ba ne, domin rumbar filamenko tana cikin kiɗe-kiɗen da suka je Kuba suka dawo Sifaniya. Saboda haka shiga sashen ba ta da wuya. Zama a cikinsa ne aiki.

Babban yatsan jita ta farko yana yin aikin bas: 4, 7, 12, 15, ba ya taɓa 1 ko 9. Sautin da ke 7 da 15 na kod mai zuwa ne, yana riga shi isowa. Kunnen da ya tashi da metal yana neman 1 ruwa a jallo, kuma da zarar an cika ta, lilon ya tafi. Kod ɗin Am, Dm, E7, Dm ne, kowanne ƙwaya takwas. Jimlolin jita ta biyu dole su san gefen da suke: masu karkacewa a gefen uku, masu zama a kan bugu a gefen biyu. Wata jimla mai tsawon ƙwaya 24 ta juya kilaben baibai, aka ƙara mata takwas ta koma 32.

Sautukan sashen nan su ne dai na farko, gida ne kawai ya koma A. Abin da ke nuna wa kunne gidan sauti ɗaya ne a cikin kod ɗin E. In akwai D a ciki, yana roƙon a koma Am. In aka cire D aka sa F, ya zauna da gindinsa. Da wannan sauyin ake fita daga sashen.

An yi shawarar ƙara kahon, akwatin katakon da ake zama a kai ana bugawa, aka bari. Makaɗin jita Paco de Lucía ne ya shigo da shi filamenko daga Peru a ƙarshen shekarun 1970, Rubem Dantas yana buga masa, kuma ya dace da can. A nan zai zauna ne daidai inda dukan jikin jita ta farko yake, ɗaya ya rufe ɗaya.

5 ga Disamba

Farata sun fara tsagewa da shigowar bushewa. Tsawon da ke aiki milimita 1 zuwa 2 sama da nama, a gyara da magagari gefe ɗaya, a bi da samfefa 600, 1200, 2000 har bakin ya daina kama ƙyalle. Man kaɗanya da dare, a wanke hannu kafin a taɓa tsirkiya. Farcen da ya tsage ana ɗora masa 'yar takarda mai laushi da ɗigon sufa gulu, a goge bayan ya bushe. Rasgeyado bayan farce yake ci, don haka siririn shafin gulu a bayan manuni da na tsakiya yana kare su.

12 ga Disamba

Hunturu ya kankama. An fara tantance ma'aunin danshi: gishiri cike da murfin kwalba, a jiƙa shi kaɗan ba tare da ya narke ba, a rufe shi da ma'aunin a roba mai murfi ya kwana. Ya kamata ya nuna 75. Namu 71 ya nuna, don haka ana ƙara 4 a duk abin da ya faɗa. Da wannan gyaran, ɗakin yana kan kashi 19 cikin 100 da azahar. Jita tana son 45 zuwa 55.

Alamomin sun fito a jita ta farko. Tazara ta sauka daga 3.0 zuwa 2.6, bakin firet ya fara kartar hannu, fuska ta ɗan lotsa gaban jaki. Katako a faɗinsa yake tsukewa, ba a tsawonsa ba, sandunan da aka gicciya a ciki kuma ba sa barin sa ya tsuke. Fuskar da kaurinta bai wuce milimita 2 zuwa 2.5 ba in ta rasa yadda za ta yi sai ta tsage, galibi a gefen wuya ko bayan jaki. A wannan hali dukan jiki da ƙarfi ganganci ne, shi ya sa aka dakatar da shi sai danshi ya dawo.

An sa soso a robar sabulu da aka huhhuda, an matse shi har ba ya ɗiga, a cikin akwatin kowace jita wajen kai, bai taɓa katako ba. Akwati a rufe koyaushe in ba kaɗawa ake ba. A hankali ake so danshin ya hau, cikin kwanaki, domin hawa da gaggawa ma yana motsa gam. A ɗaki kuma bokitin ruwa da jiƙaƙƙen tawul a rataye. Ƙura ana hure ta kafin a goge, in ba haka ba ƙyallen ya zama samfefa a kan fenti.

Game da karkarwar tsirkiya a kan firet, ba duka ake kora ba. Kaɗan daga cikinta na cikin muryar jitar filamenko, kamar 'yan ƙarafan da ake ɗaura wa garaya su riƙa kacau-kacau. Wadda ke cinye sauti ita ce matsala. An sa siririn katako mai kauri 0.5 ƙarƙashin ƙashin jaki, ya ɗaga tazara da 0.25. Bakin firet kuma yanzu ne lokacin goge shi, tunda ya fito iyakar fitowarsa.

21 ga Disamba

Buleriya. Zagayenta bugu 12 ne, ana fara ƙirga daga 12, nauyi a 12, 3, 6, 8, 10. In aka kasa shi 3+3+2+2+2 ne. Kod yana kan E daga 12, ya hau F a 3, ya dawo E a 10, kuma a 10 ake rufewa.

Hanyar shiga daga bugu huɗu ita ce ta fi cin tunani, ga yadda aka daidaita. Rabin bugu a sauri 110 yana zuwa sau 220 a minti, wanda sauri ne mai kyau ga buleriya. Don haka metironom, na'urar ƙirga bugu, ba ya sauyawa: ƙwaya biyu su ne bugu ɗaya na buleriya, zagaye ɗaya kusan sakan 3.3, zagaye biyu daidai da gaɓa uku masu bugu huɗu. A gaɓoɓi huɗu na ƙarshen sashen tsakiya an faɗaɗa 3+3+2 ya cika gaɓa guda, kowane ɗaya ƙwaya biyu. Kunne ya saba da shi, sai a ƙara masa 2+2 a wutsiya. Mai sauraro ba zai ankara ba sai ya tsinci kansa cikin 12.

Abin da ke rushewa shi ne rufi. Duk jimlar metal tana gudu ne ta faɗa a kan bugun farko na gaba, wanda a nan shi ne 12. Ɗan filamenko ya riga ya rufe a 10 ya bar 11 fanko. In jita ta biyu ta zarce zuwa 12, ta taka shirun da zagayen ke numfashi da shi. An sake rubuta rif ɗin: sukuwa daga 12 zuwa 5, kod mai sauti biyu a 6 da 8, duka ɗaya tare da golpe a 10, tsit a 11. A ganinmu wannan ne wuri mafi nauyi a kiɗan gaba ɗaya, kuma kompas ne ya ba da shi.

Jita ta farko tana amfani da alsapuwa a nan: babban yatsa ya danna tsirkiya ɗaya ya huta a ta ƙasa, ya share ƙasa, ya dawo sama da bayan farce. Motsin daga juyin dantse yake, haka ma rasgeyado mai uku-uku. In wuyan hannu ya fara zafi, alama ce yatsu ke yin aikin dantse, a tsaya a rage sauri.

8 ga Janairu, 2025

Ɗakin naɗi mita 4.0 ne da 3.3, tsayi 2.9. In aka raba 343, gudun sauti a iska a mita cikin sakan, da ninkin kowane tsawo, ana samun inda ɗakin ke kumbura sauti: 43 da 86, 52 da 104, 59 da 118 Hz. Na 86 yana maƙwabtaka da E ɗin ƙasa, na 104 kuma ya hau kan G# na firet na 4 da amsawar akwatin jita. An jingina katifu a kusurwoyi biyu, darduma mai kauri a kan tayil, makaɗa sun bar tsakiyar ɗaki. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya taɓa waɗannan sautukan ko kaɗan.

Kowace jita da ƙaramin makirfon kondensa, santimita 30 daga inda wuya ya haɗu da jiki, ba a saitin rami ba, domin ramin iska mai kauri kawai yake hurowa. Makaɗa suna fuskantar juna, tazara mita ɗaya da rabi, bayan kowane makirfo yana kallon ɗaya jitar. Na uku yana bayan jakin jita ta farko don dukan jiki. Layi na huɗu fiyezon jita ta biyu ne, ta akwatin DI, mai daidaita shi da na'urar naɗi, mai turjiyar shiga megohm ɗaya. In aka sa shi kai tsaye a layin da bai kai haka ba, kaurin sautin zubewa yake. Ana naɗi a bit 24, 48 kHz, wato samfur dubu 48 a sakan. Ƙarfin shiga da golpe ake saita shi ya tsaya wajen -10 dB, ba da kaɗi ba, don golpe ya fi kaɗi tsini nesa ba kusa ba.

Layin fiyezo ya zo da gurnani a 50, 100 da 150 Hz, na wutar gida. Da aka zare cajar kwamfuta ya tafi. Inbata mai arha ta fi muni, nata ƙarar har sama take kaiwa inda ba ta yankuwa. A kan batir ake naɗi, fanka da firij a kashe.

19 ga Janairu

An fara da tafi. Layi biyu na tafin kurma, hannu a ƙwanƙwashe, suna riƙe da bugu. Layi ɗaya na tafi mai kaifi yana danna 12, 3, 6, 8, 10. An naɗe su a kan metironom, sannan aka cire metironom daga kunnen makaɗa aka bar tafin. Ƙarar metironom tana sa hannu ya sandare, kuma takan yoyo daga abin kunne ta shiga makirfo daidai wuraren tsit.

Tare ake naɗar jitocin, domin tsayawa da ido ake yin ta. Farashin haka shi ne kowace jita tana cikin makirfon 'yar'uwarta, ba a iya gyara ɗaya a bar ɗaya. Duk yanka sai a wurin tsit.

Da aka haɗa fiyezo da makirfo sautin jita ta biyu ya yi rami. Fiyezo yana ji nan take, makirfo kuma sai sauti ya yi tafiyar santimita 30, milisakan 0.87, wato samfur 42 a 48 kHz. Wannan saɓani yana cin sauti wajen 570 Hz da wasu gurabe sama da shi. An jinkirta fiyezo da samfur 42, aka saurara a sifika ɗaya ana juya fuskar igiyar har aka sami wadda ta fi cika. Fiyezon yana ƙasa da makirfo da 12 dB, aikinsa kawai ya ƙara wa rif cizo.

2 ga Fabrairu

Haɗa sauti. An yanke ƙasa da 70 Hz a makirfon wuya duka biyu, an rage 3 dB a siririn gurbi wajen 104. Makirfon dukan jiki an bar masa ƙasansa, aka rage samansa. Kwamfuresa, mai danne tsinin sauti, tana kan 3:1, tana jira milisakan 25 kafin ta kama, ba ta cin fiye da 3 dB. In ta kama da wuri tana cinye bakin farce, rasgeyado ya zama shara. Jitocin an raba su hagu da dama kashi 40, dukan jiki a tsakiya.

Amsa-kuwwa gajera ce, sakan 0.9, kuma ana sauke ta da hannu a kowace tsayawa. Da aka bar ta a buɗe ta cika shirun 11 da wutsiya, duk aikin Disamba ya tafi a banza.

Sifikar waya ba ta fitar da 82 Hz. Abin da ke sa a ji rif a can amonsa ne na 165 da 247, shi ya sa ba a share wajen 200 zuwa 250 da yawa ba, ko da yake a manyan sifiku wurin yana ɗan yin laka. Ƙarfin ƙarshe -14 a ma'aunin ƙarfin sauti na LUFS, tsini bai wuce -1 dB ba.

11 ga Fabrairu

Rumba da sashen tsakiya sun kammala. Zagaye takwas na ƙarshen buleriya za a sake naɗa: gudun saukowa na jita ta biyu, sauti biyu a kowane bugu daga 3, yana isa E a 9 da rabi maimakon 10, saboda hannu yana gaggawa wajen tsallaka daga tsirkiya ta uku zuwa ta huɗu. An sauya yatsun hagu yadda tsallakawar za ta faɗa a saukar fik, ana atisayen ta a bugu 160 na buleriya ana ƙara goma-goma. Za a sa sababbin tsirkiyoyin ƙasa kwana uku kafin zaman don haskensu ya yi daidai da na naɗin Janairu, na sama kuma a bar su. Wuraren makirfo da kujeru suna nan da alamar tef a ƙasa. Danshin cikin akwatuna yana kan 46 da 48. Siririn katakon da ke ƙarƙashin ƙashin jita ta farko zai zauna har ruwan farko ya sauka, sannan a cire shi a sake auna tazarar duka biyun.